Makunnin Rediyo Da Ido Ba Ya Gani

 

A cikin wayar salula, da na'urar rada, da tauraron ɗan'adam, akwai makunnai masu karkatar da saƙon rediyo daga eriya zuwa inda ake son ya je. Yawancinsu na tiransista ne. Suna da sauri, amma suna cin wani kaso na saƙon, kuma ko a kashe suke sai ɗan abu ya zurara. Wannan ne ya mayar da masu bincike ga tsohuwar dabara: ƙarfe ya taɓa ƙarfe saƙo ya wuce, su rabu ya tsaya. Abin da ya rage shi ne a ƙera shi ƙanƙane ƙwarai. Irinsa ake kira RF MEMS.

Ga fasalinsa. Wata 'yar gada ce ta zinariya ko alminiyam, tana rataye a saman layin saƙo. Tazarar da ke tsakaninsu maikiron biyu ce ko uku, alhali kaurin silin gashi ya kai hamsin ko fiye. Idan aka saka ƙarfin lantarki na bolt 20 zuwa 80, sai gadar ta fara sunkuyowa. Da ta ci kashi ɗaya cikin uku na tazarar, sai ta faɗo gaba ɗaya. Ana ɗauke lantarkin, ta miƙe da kanta. Kusan ba ta shan wuta.

To yaya ake gina abin da ke rataye a iska? Kamar yadda magini ke kafa katako a ƙarƙashin dakin, in siminti ya kama ya zare. Ana shimfiɗa wani abu na wucin gadi a kan faifan silikon ko gilashi, a zana siffa da haske, a ɗora ƙarfen, sannan a narkar da na ƙasan. A nan ake shan wuya. Idan da ruwa aka wanke, yayin bushewa ruwan kan janyo gadar ta manne har abada. Don haka ake amfani da iskar oksijin mai ƙona shimfiɗar, ko wata busarwa ta musamman.

Kurt Petersen na kamfanin IBM ya nuna irin wannan makunni a 1979. Larry Larson ya gwada shi a kan saƙon rediyo a ɗakin binciken Hughes wajen 1991. A 2003 Gabriel Rebeiz, yana Jami'ar Michigan, ya fitar da littafin da ɗaliban fannin ke dogaro da shi. Duk da haka, sai 2016 kamfanin Analog Devices ya kai nasa kasuwa.

Me ya jawo jinkirin? Ƙarko. Bakin ƙarfen yana lalacewa da yawan bugu, caji yana taruwa ya riƙe gadar, danshi da ƙura suna kashe ta, sai an rufe ta ruf a ma'ajin da iska ba ta shiga. Makunnin da ake so ya kunna sau biliyoyi, ba a gwajin yini ɗaya ake tabbatar da shi ba.

Ɗalibai, kirana gare ku ke nan. Ku riƙi ilimin ƙarafa da sinadarai da muhimmanci, ku koyi awo, ku rubuta dalilin mutuwar kowace na'ura kamar yadda kuke rubuta nasararta. Sannu ba ta hana zuwa. Masu wannan haƙurin ne suka fito da makunnin nan daga ɗakin gwaji, kuma irinsu fannin yake nema har yau.