Waƙa da hanyar Abijan

Kullum maganar wani nake juya muku, to yau tawa ce, kuma a kan waƙa ne.

Duk wanda ya san Abijan ya san Ajame da Tireshbil. Ajame tasha ce da kasuwa, nan motocin arewa ke sauke mutane, nan 'yan'uwanmu Hausawa suka daɗe suna saye da sayarwa. Tireshbil kuwa unguwar kiɗa ce tun da can, kuma a nan babban zauren al'adu na ƙasar yake, a bakin ruwa. A shekarun 1970 da 1980 mawaƙan Afirka ta Yamma da yawa nan suke zuwa su ɗauki faifai, don kayan aikin da ke Abijan babu su a garuruwansu.

Cikinsu akwai Salif Keita na Mali. Zabiya ne, ya sha tsangwama tun yana yaro, kuma gidansu gidan sarauta ne inda ake ganin waƙa aikin maroƙa ce. A 1978 shi da abokan kiɗansa na Ambassadeurs suka bar Bamako suka zauna Abijan, a nan suka ɗauki waƙar Mandjou wadda ta kai sunansa ko'ina. Sai duniya ta juya. Ƙasar da ta karɓi baƙi ita ma ta shiga yaƙi a 2002, ɗanta Tiken Jah Fakoly ya gudu Bamako saboda barazanar kisa. Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu ma, a 1960 aka hana ta komawa jana'izar mahaifiyarta, ba ta sake taka ƙasarta ba sai 1990. Saboda haka in kun ji yaronku yana rera waƙa a bayan tanti, kada ku ce ya manta halin da muke ciki. Waɗannan ma da irin wannan ciwon suka yi tasu.

Amma ga inda nake so iyaye su buɗe kunne. Salif babban mutum ne lokacin da ya tafi, da ƙungiyarsa, da sana'arsa a hannu. Ba wani baƙo ne ya zo ya ɗauke shi ba. Yau mutum zai zo da fara'a, ya ce muryar 'yarki ta yi, yana da situdiyo a Tireshbil, zai biya kuɗin mota, har ya bar miki ɗan abin cefane. Sai ya ce a ba shi takardar rajistarta ya adana. Da zarar takardar nan ta bar hannunku, yarinyar ta zama ba ta da abin nunawa a shingen jami'ai, ba ta da hanyar dawowa. A kasuwar Ajame akwai 'yan mata ƙanana masu dako da roba a ka, mutanen gari suna kiransu tantie bagage. Wasu kuma aikatau suke yi a gidajen mutane. Ni dai ban ga abin da ya haɗa wannan da waƙa ba.

Idan wani ya zo muku da irin wannan tayin, ko da ɗan garinku ne, ko da dangi ne, ku tambayi cikakken sunansa da lambar wayarsa da unguwar da yake, sannan ku zo ofishin kariya kafin ku amsa masa. Mai gaskiya ba zai ƙi jira kwana biyu ba. Kada ku ba kowa takardarku ta asali. Yaron da bai kai shekara 18 ba, kada ya tafi ba tare da an rubuta inda za shi da wanda zai riƙe shi ba. Wanda kuma nasa ya riga ya tafi, labari ya yanke, ya zo ya faɗa mana. Ba za a yanke masa abinci ba, ba za a kai maganarsa waje ba. Ku zo da hoton yaron in akwai, da lambar da ya kira ku da ita ta ƙarshe.