Babur Ya Mutu A Hanya: A Fara Duba Mai Da Batir

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan ƙungiyarmu, makanikin babura a Sabo, Ibadan, ya yi wa matasa 'yan acaɓa a taronmu na wata-wata. Mun kawo shi kamar yadda ya faɗa.

Ni ba gwanin magana ba ne, aikina sifana da sukudireba. Amma shugaba ya ce in zo in yi bayani, to ba ni da ta cewa.

Abin da ya dame ni shi ne, kullum sai yaro ya turo babur daga Mokola ko Dugbe yana gumi, ya ce mini, "Oga, inji ya buga." In duba in tarar ruwa ne cokali biyu a cikin mai. Da a hannun marar tsoron Allah ya faɗa, sai a kwance masa inji, a karɓe masa kuɗin sati guda, ga mai babur yana jiran balas da yamma. Wasunku daga Legas kuka dawo bayan an hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kowa ya san yadda lita ta koma. Ba lokacin ɓarnar kuɗi ba ne.

To, mai yana da hanya guda. Daga tanki ya bi ta famfo, ya shiga tiyo, ya wuce filta, ya sauka a kafireto, inda yake haɗuwa da iska kafin ya shiga inji. In babur ya mutu, wannan hanyar za ka bi daga sama zuwa ƙasa. Kada ka fara daga ƙarshe.

Fara da murfin tanki. Akwai ɗan rami a jikinsa da iska ke shiga. In ƙura ta toshe shi, babur zai yi tafiya kaɗan ya shaƙe ya mutu, ka huta minti biyar ya tashi, ya sake mutuwa. Buɗe murfin. In ka ji ya ja iska "fuu", kuma babur ya tashi lafiya, ka gano ɓarawon. Daga nan ka rufe famfo, ka zare tiyo daga kafireto, ka tara kwalba, ka buɗe. Mai ya zubo da ƙarfi. In ɗigo yake yi, famfo ko filta ya toshe. Don Allah ba da sigari a baki ba, kuma ba a kan inji mai zafi ba.

Yanzu ga babbar maganar, wato ruwa. Jama'a, nan ba Katsina ba ce. A gida damina wata huɗu ce ko biyar, nan kuwa tun daga Maris ake ruwa har Oktoba, ga raɓa, ga laima. Babur yana kwana a waje, robar murfi ta tsufa, ruwa ya shiga. Ko bai shiga ta nan ba, tankin da ya kwana kusan babu mai yana yin gumi daga ciki. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka ƙasan tanki yake kwanciya, kuma daga can ƙasan ne rizab yake ja. Shi ya sa mai sayen mai lita ɗai-ɗai, kullum yana kan rizab, shi ne ya fi kowa shan wannan wahala. Alamarsa, babur yana tari, yana fizga, in ka murɗa wuta a kan tudu sai ya ƙi. Maganin ba wuya. A ƙarƙashin kafireto akwai ɗan sukuru na zubar da mai. Sassauta shi, ka tara farar kwalba. Za ka ga ruwan ya ware ya kwanta a ƙasa kamar ƙwallo. In ka ga ja-ja a ciki, tsatsa ce, sai an sauke tanki an wanke.

Man bumburutu kuwa, ban ce duk masu sayarwa mugaye ba ne, amma ba ka san abin da jarkar ta ɗauka jiya ba. Ko a gidan mai ma, kun tuna Fabrairun 2022 da aka shigo da gurɓataccen mai ƙasar nan, ababen hawa da yawa suka lalace. In babur ya canja hali daga shan mai, zargi man tukuna.

Fulogi ma yana ba da labari. In ka kwance ka gan shi baƙi ƙirin da toka, mai ya yi yawa: ko filtar iska ta toshe, ko ka manta cok a ja. In fari ne fat, mai ya yi kaɗan, kuma wannan ya fi haɗari don inji zafi yake ɗauka. Ruwan ƙasa-ƙasa shi ne lafiya. Masu cewa a matse musu jet don kada babur ya sha mai, ku ji tsoron ranar da za ku sayi fistin. Kuma ba a zura waya a ramin jet, faɗaɗa shi take yi. Iska ake hura masa.

Sai batir. Na babur bolt 12 ne. In ya cika ya huta, mita za ta nuna wajen 12.6. In inji yana aiki ka ɗan ba shi wuta, ya kamata ta hau tsakanin 13.5 da 14.5. In ba ta hau ba, babur ne ba ya caji, ko sabon batir ka saka sati biyu zai mutu. In ta wuce 15, rektifaya ta lalace, tana dafa batir, tana ƙona ƙwan fitila. A sa mita kafin a sayi sabo.

Mai ruwa, ka duba shi duk sati biyu, ruwan ya tsaya tsakanin layin sama da na ƙasa. In ya ragu, ruwan batir tatacce za ka ƙara. Ba asid ba, ba ruwan rijiya ba, ba fiya wata ba. Ruwan ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. Wanda aka rufe shi ruf daga kamfani kuma, ba a buɗe shi. In farin gari ya taru a kan batir, ɗan ruwan kanwa da tsohon buroshi ya isa, amma kada ko ɗigo ya shiga ciki. Ya bushe, ka ɗaure da kyau, ka shafa giris. Wajen kwancewa baƙar waya ce farko, wajen mayarwa ita ce ƙarshe.

In za ka kai caji, ka ce a yi masa a hankali. Ƙaramin batir irin namu rabin amfiya ya ishe shi, cajar batirin mota kumbura shi take yi. Yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, kada a yi a ɗakin kwana. Asid in ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa kamar minti 15, sannan a tafi asibiti.

Ku kuma masu ɗaura rediyo da fitilu kala-kala da cajin waya uku, sannan kowace tsayawa a danna sitata, batir ɗin bai yi laifi ba. Da safe a buga kik.

Ranka ya daɗe, a nan zan tsaya. Na zo da mita da farar kwalba, babura suna waje, duk mai so in an tashi sai mu duba tare.