Jawabin mushen lakwal a taron ƙungiya: zancen baƙinmu na Nijeriya

Maigari, ranka ya daɗe. Liman, Allah gafarta malam. Dattawa, iyayenmu mata, da ku 'yan'uwa da kuka zo daga Yamai da Damagaram da Kano, sannunku da tafiya.

An ce in yi magana bisa baƙin da suka gudo mana daga Nijeriya. Kun san mafarin abin. A shekarar 2019, 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina, mutanen wajen Sabon Birni da Isa suka riƙa ƙetarowa da ƙafa zuwa ƙasar Gidan Rumji. Kafin shekarar ta ƙare, hukumar HCR ta ce sun wuce mutum 40,000 cikin jihar Maradi, akasarinsu mata da yara. Daga baya aka kai waɗansu Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da iyaka. Amma kafin motar kowace hukuma ta iso, talakawa ne suka buɗe zaure, suka raba tukunya.

Wannan ba a gare mu aka fara ba. Maradi kanta, su wa suka kafa ta? Katsinawa ne da suka baro gida bayan jihadi, su Ɗan Kasawa. Tsibiri kuma Gobirawa. Ku kuwa 'yan ci-rani, cikin iyayenku akwai waɗanda aka koro daga Gana a 1969, akwai waɗanda aka koro daga Nijeriya a 1983. Dattawa ba su manta da yunwar 1984 ba, wadda aka sa wa suna El Buhari saboda an rufe iyaka hatsi ya daina shigowa.

To, abin da nike son mu duba shi ne wannan. Saukar baƙo kwana uku kowa ya iya. Wuyar tana ga wata na shida, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, bazara ta shigo, tiyar hatsi ta hau. Kuma nauyin bai faɗa kan kowa daidai ba. Gidan da ya ɗauki mutum goma, sau da yawa ba shi ne mai rumbu uku ba, shi ne wanda ke da dangi ko surukai a ƙetare. In muka bar shi shi kaɗai, ranar da ya gaji, gari duka za a ce ya kori baƙo.

Baƙin nan manoma ne kamarmu, ba su saba miƙa hannu ba. Wanda ke da saura da ba ya nomawa, ya ba da aro. Amma a yi shi gaban maigari da shaidu, a faɗi damana nawa, a rubuta. Aron gona da aka yi cikin duhu shi ke zama shari'a tsakanin jikoki. Ranar shuka da noman farko kuma samari su yi masu gayya.

Sai ruwa. Bakin rijiya ne faɗa ke farawa, iyayenmu mata sun fi ni sani. Ina roƙon kuɗin ƙungiya na bana a fara da yasar rijiya da gyaran famfo, sauran ayyuka su jira.

Zancen lakwal kuwa nawa ne. Yaron da ya fara boko can da Ingilishi ya fara, mu nan da Faransanci muke karantarwa. Kada wannan ya hana ku kawo shi. Hausarmu ɗaya, kuma yaro ba ya daɗewa bai kama ba. Rashin takardar haihuwa ma akwai hanyarsa wajen hukuma, zan raka uwayen. Yaran mata su ma a kawo su, don a irin wannan hali su ake fara aurarwa da wuri saboda a rage baki.

Na ji masu cewa cikin baƙi akwai 'yan leƙen asirin ɓarayi. Tsoro ba laifi ba ne. Wanda ya sauki mutum ya kai sunansa wajen maigari, wanda ya ga abin da bai gane ba ya faɗa wa hukuma. Amma kada a shafa wa tsohuwa da jikokinta laifin wanda ya ƙone masu gida.

Ku na birni, abin da kwamiti ke nema gare ku jika ɗaya ce kowane mutum kafin ruwa ya sauka. Na gida kuma dame guda in an yi girbi. Ma'aji yana nan bakin ƙofa da littafinsa.