Zanen Injiniya da Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa: Abin da Ya Shafe Mu a Kudancin Kano

Mai girma shugaban taro, shugabannin wannan ƙungiya tamu mai albarka, iyayenmu malamai, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, da ku ɗaliban da ke zaune can baya.

An umarce ni da in yi bayani a kan yadda injiniyoyi ke amfani da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, wajen zana aiki kafin a aza harsashinsa. To, ba sai mun je Turai neman misali ba, tunda ga Tiga nan a ƙofar gidanmu.

An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano daga 1971 zuwa 1974, zamanin marigayi Gwamna Audu Bako. Tsawon bangonta ya kai wajen kilomita 6, an kuma yi ta ne don ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Doguwa, ya ratsa dajin Falgore da ƙasar Tudun Wada, a nan yake taruwa. Daga nan ya bi babbar magudana zuwa gonakin Kadawa da Kura, ba famfo, ba inji, gangare kawai ke kai shi. Ku lura da wannan: in gangaren ya yi yawa ruwa ya zaizaye magudana, in ya yi kaɗan ruwa ya kwanta, yashi da ciyawa su toshe ta. A wancan zamani, irin wannan aiki a kan allon zane ake yin sa, da fensir da rula da littafin lissafi. In aka sauya awo ɗaya, sai a sake zana takardu da dama daga farko. Allah ya saka wa mutanen nan da alheri.

Shi zane da kwamfuta ya samo asali ne a Amurka, inda wani ɗalibi mai suna Ivan Sutherland ya ƙirƙiro Sketchpad a 1963. A 1982 kamfanin Autodesk ya fito da AutoCAD, wanda ya kawo abin kan ƙaramar kwamfutar ofis. Jirgin sama samfurin Boeing 777, wanda ya fara tashi a 1994, gaba ɗayansa a kwamfuta aka zana shi.

Wasu na zaton amfanin abin shi ne zane ya fito tsaf. Wannan ƙaramin al'amari ne. Babban amfaninsa shi ne injiniya ya gwada aiki, ya ga inda zai karye, tun ba a sayi buhun siminti ko ɗaya ba. Mu ɗauki hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora ta bi Tudun Wada ta ratsa Falgore. A ce za a sa kwalbati a wani rafi a kanta. 'Yan safiyo za su auno tudu da kwarin wurin, a zuba a kwamfuta, sai siffar ƙasar ta fito kamar kana tsaye a kanta. Injiniya ya ɗora hanyar a kai, na'ura ta faɗa masa yawan ƙasar da za a yanke da wadda za a cike, da rodi da kankare nawa za a ci. Ya ga kwalbatin ya yi ƙanƙanta, ya faɗaɗa shi, nan take lissafin kaya ya sauya da kansa. A matsayina na ma'aikacin gwamnati, wannan ɓangare ya fi burge ni, domin ɗan kwangila ba ya jin daɗin aringizo a inda lissafi yake a fili.

Yawancinmu mun taso mun ji labarin ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988, bayan ruwan sama mai yawa, da asarar rayuka da gidaje da gonaki da aka yi. A yau akwai manhaja irin su HEC-RAS, wadda sashen injiniyoyi na sojan Amurka ya fitar yake kuma bayarwa kyauta, da za ta nuna a kan taswira inda ambaliya za ta bi, da zurfinta, da lokacin da za ta ɗauka kafin ta isa kowane ƙauye. Da irin wannan taswira ake sanin inda bai kamata a yanka filin gida ba.

Amma fa jama'a, na'ura ba ta san Kiru ba, ba ta taɓa ganin damina a Riruwai ba. Abin da aka ba ta shi take juyawa. Ruwan sama a kudancin nan ya fi na cikin birnin Kano yawa. In injiniya ya zauna a ofis ya ɗauki awon ruwan birni ya zana kwalbatin Doguwa da shi, zane zai fito gwanin sha'awa, kowa ya sa hannu, ran da rafi ya kawo kuma ya tafi da shi. A ganina zanen kwamfuta mai kuskure ya fi na hannu haɗari, saboda kyansa yana hana manya tambaya. Na ga ofishin da aka nemi zanen wani tsohon gini za a yi gyara, aka tarar gara ta cinye rabin takardun. Ita ma wannan ɓarna maganinta shi ne a kwafe tsofaffin zane-zane cikin kwamfuta tun masu iya karanta su suna raye.

Ku kuma ƙannena ɗalibai, kada wani ya ce muku darasin zanen fasaha da lissafi sun tsufa. Wanda bai san sikeli ba, bai san yadda ake kallon abu ta sama da ta gefe ba, AutoCAD ba zai koya masa ba. A Jami'ar Bayero, da Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, da wannan tushe za a karɓe ku.

Roƙona ga shugabanni shi ne, cikin kuɗin da muke tarawa a ware wani abu don kwamfutoci kaɗan da sola, a sa musu FreeCAD da QGIS waɗanda ba a biyan ko kwabo a kansu. 'Yan uwanmu injiniyoyi da ke wannan zaure su riƙa karɓa-karɓa ran Asabar. Aikin farko, yara su auna harabar makarantar nan, su zana inda ruwa ke kwanciya da damina, su kawo mana a taro mai zuwa in Allah ya kai mu.