Daga Gobe Babu Mai Kaɗa Muku Ƙararrawa

  

Mai girma shugaban taro. Ranka ya daɗe Hakimi, uban ƙasa, Allah ya ja zamaninka. Shugaban makaranta da malamai, abokan aikina. Iyaye maza da iyaye mata da kuka baro harkokinku kuka zo. Sai ku 'ya'yana, ɗaliban aji shida da ake yayewa yau: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Na gode wa hukumar makaranta da ta ga dacewar in tsaya a nan. Shekara 35 na yi ina riƙe da alli kafin in ajiye aiki, saboda haka in na kira ku 'ya'yana, da gaske nake.

Da na shigo ɗazu, idona ya faɗa kan ƙarfen nan da ke rataye a jikin darbejiya, tsohon wilin mota da kuke kira ƙararrawa. Shekara shida kuna ƙarƙashin mulkinsa. Shi ke cewa ku taru, shi ke cewa ku shiga aji, ku fita tara, ku tashi. Wanda ya makara ya san abin da ke jiransa a bakin ƙofa. Na san da yawanku kun ƙosa ku rabu da shi. To, yau kun rabu. Daga gobe babu mai kaɗa muku ƙararrawa, babu mai kiran suna, babu mai tambayar ina aikin gida. Tsarin da kuka rayu a cikinsa aro ne makaranta ta ba ku, yau kuma ta karɓi kayanta. Tambayar da na zo da ita ke nan: wa zai tashe ku gobe da safe?

A tsawon aikina, babu lokacin da na fi jiye wa ɗalibi tsoro kamar wanda za ku shiga yanzu, wato tsakanin ajiye biro a WAEC da NECO da ranar da za a samu gurbin karatu ko sana'a. Wani wata shida zai yi, wani shekara, wani sai ya zauna JAMB sau uku. Akwai yaron da na koyar, ba zan faɗi sunansa ba domin iyayensa suna raye. Shi ke zuwa na ɗaya a lissafi tun daga shigarsa har fitarsa. Ya ci jarrabawa, amma bai samu gurbi ba a shekarar farko. Da barcin bayan asuba ya fara, ya kai hantsi, daga baya ya kai azahar. Wanda ya cinye ranarsa da barci kuwa dole ya nemi inda zai kai darensa, sai ya koma majalisar bakin titi, wajen mai shayi, har ƙarfe biyu. A can aka miƙa masa kwalbar farko ta maganin tari. Sau biyu na gamu da shi a wannan tsakani. Na ga idonsa ya sauya, na ce a raina ai ya riga ya bar hannuna, na amsa gaisuwarsa na wuce. Har yau shirun nan nawa yana ci mini rai. Bayan shekara huɗu mahaifiyarsa ta sallama a gidana tana kuka, tana neman wanda zai taimaka a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa.

Ba shi kaɗai ba ne. A 2018 sai da gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da yake yi wa matasa. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a kan shan ƙwaya ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun taɓa ƙwaya a cikin shekara guda. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya wayi gari ya ce yau zan lalace. Yau da gobe ce ta kai su.

Ita dai yau da goben nan, da take rusa mutum, ita ce kuma take gina shi. A nan nake so in daɗe.

Duk wanda bai taɓa zuwa karofin Ƙofar Mata a birnin Kano ba, ina roƙonsa ya je cikin hutun nan. Ana cewa tun 1498 ake rini a wurin. Ku tsaya ku kalli marini. Zai haɗa baba da toka da ruwa a cikin rijiyar rini, ya bar su kwana da kwanaki har su nuna. Sannan ya ɗauko farin ƙyalle ya tsoma, ya ɗaga. Abin mamaki, ƙyallen yakan fito da ɗan kore-kore, sai ya sha iska tukuna ya juya shuɗi, shuɗin ma mai haske wanda bai kai a kai kasuwa ba. Sai ya sake tsomawa, ya sake ɗagawa. Haka zai yi ta yi, hannunsa na tafiya kamar ba a ci gaba, har launi ya kama ya yi duhun nan da Buzaye ke ƙetaro hamada su saya. Da za ka tambaye shi wane tsomi ne ya rina ƙyallen, ba shi da amsa, domin babu guda ɗaya da ya yi aikin. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar rinin garin nan yana kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Da wannan tsomi da ɗagawa aka kai can.

'Ya'yana, kowannenku farin ƙyalle ne, kuma kullum ana tsoma ku, ko kun sani ko ba ku sani ba. Abin da ya rage gare ku shi ne zaɓen rijiyar. Mukan ce hali zanen dutse, wasu kuma su fake da maganar su ce ni haka Allah ya yi ni, ba na iya tashi da wuri, ba na iya riƙe kuɗi. Ni ban yarda da wannan fassara ba. Zanen da ke jikin dutse ai zana shi aka yi, da sara ɗaya bayan ɗaya. A shekarunku dutsen bai gama ƙanƙara ba.

Ku fara da asuba, domin duk ranarku a kanta take rataye. Wanda ya yi salla ya ƙi komawa shimfiɗa ya samu awa biyu ko uku da babu mai damunsa, ƙwaƙwalwa garau, gari da sanyi. Kakanninmu sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Amma asuba tun daga dare ake shirya ta, kuma a nan wayar hannu ta shigo. Likitoci sun ce matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Yaron da ke kwance da waya a fuska yana zagaya TikTok da Facebook har ƙarfe ɗaya na dare, ta ina zai samo su? Ku yi lissafin da kanku, tunda kun ci jarrabawar lissafi: awa uku a kullum, a shekara awa 1,095 ke nan, sama da kwana 45 cur, dare da rana. Ni ba na gaba da waya. Na ga yaran da suka koyi ɗinki da gyaran lantarki da harshen Larabci a cikinta, na ga masu sayar da atamfa ta WhatsApp suna ciyar da gida. Abin da nake roƙo kaɗan ne: ku yanka mata lokacin kwanciya, ku ajiye ta inda hannu ba zai kai ba sai an miƙe tsaye.

Awannin nan na safe, me za a zuba a ciki? Karatu. Kuma ina nufin karatun da babu jarrabawa a bayansa. Shafi goma a rana, wanda bai fi tsawon shan kunu ba, a shekara shafi 3,650 ne. Mu da muka yi makarantar allo mun san wannan tun muna yara: 'yan ayoyi ake rubutawa, a biya, a wanke, a sake rubutu, da haka ake sauke izu sittin. Ma'anar hadisin da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito ita ce, aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Ku tuna Abubakar Imam. Yana da shekara 22, yana malamin Midil a Katsina, aka yi gasar rubuta littattafan Hausa a 1933, ya shiga da Ruwan Bagaja. Zuwa 1939 shi ne editan farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ranar da aka yi shelar gasar ai ba ranar ya koyi rubutu ba. Dama ta zo ta tarar da shi a shirye. Ku ma wata rana za a yi shelar taku.

Ku 'yan matana, ina da magana da ku ta musamman. Wasunku za su wuce jami'a, wasu kwalejin ilimi ko makarantar koyon jinya, wasu kuma kafin baɗi an ɗaura musu aure, kuma duk alheri ne. Kada dai wadda ta shiga ɗaki ta ce littafi ya ƙare. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo matar aure ce mai 'ya'ya da hidimar gida, amma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa har ta rasu a 1864. Ita ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji suna kai karatu ƙauyuka, ta kuma zuba darussan a cikin waƙa domin mace ta haddace tana daka ko tana kaɗi. Ta san matan karkara ba su da yini guda na zama, sai ta nema wa ilimi gurbi a cikin aikin yau da kullum. Dabarar tana nan ba ta tsufa ba.

Kuɗi kuwa, ku koyi riƙe ƙanƙane tun babba bai zo ba. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya tashi maraya. Da fataucin goro ya fara, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya shiga cinikin gyaɗa, kuma a 1929 azurfar da ya kai ajiya banki a Kano kayan raƙumi 20 ce. An san shi da tsimi da rashin almubazzaranci har ya rasu a 1955. Kowa yana son labarin raƙuman, kaɗan ne ke tambayar shekarun da aka yi ana tara kwabo a kan kwabo. Naira 200 a asusu kullum, a shekara 73,000 ce. Ku nemi ƙaramin littafi ku riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. In an ba ku aika, ku dawo da canji ko ba a tambaya ba. In kun ce ƙarfe huɗu, a gan ku ƙarfe huɗu. Na rantse muku, a kasuwa da ofis an fi neman yaron da za a bar wa shago a tafi masallaci da kwanciyar hankali fiye da mai tarin takardu.

Sannan kada wanda ya yi zaman jiran sakamako hannu rabbana. Ga teloli, ga kafintoci, ga masu walda, ga masu gyaran waya da masu haɗa sola, duk suna neman yara. Ku je ku durƙusa ku ce a koya muku. Sana'a za ta ba ku kuɗin kashewa, amma abin da na fi so muku a cikinta shi ne za ta ba ku inda ake jiranku da safe. Abokai kuma, kun san zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ku dubi mutanen da kuke yini da su, ku tambayi kanku ko kuna so ku zama su nan da shekara biyar.

Za ku yi tuntuɓe, wannan babu makawa. Wata rana za ku makara, wani mako littafin zai yi ƙura. Abin da na ga yana kayar da yara shi ne su ce tunda na karya yau, shi ke nan na fasa. Almajiri in ya ɓata allonsa wankewa yake yi ya sake jan tawada. Ku koma washegari, ba tare da dogon zargin kai ba.

Iyaye, Allah ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar shekara shida, kuɗin makaranta da na tara da na littafi a cikin wannan tsadar rayuwa. Amma kada ku sauke numfashi tukuna. Yaron da ya ga mahaifinsa da waya a hannu ana cin tuwo ba zai ji wa'azin ajiye waya ba. Ku san inda yake yini, ku san sunayen abokansa, ku riƙa cin abinci tare ko sau ɗaya a rana. Ku kuma malamai da sauran dattawan unguwa, kada ku yi irin shirun da na yi. In kun ga idon yaro ya sauya, ku tsayar da shi ku yi masa magana, ko ba ɗanku ba ne, ko zai ji haushi.

'Ya'yana, ina taya ku murna daga zuciyata. Yau ku ci, ku sha, ku ɗauki hotuna, kun cancanta. Roƙona guda ne: yau da dare, kafin ku kwanta, kowa ya ɗauki takarda ya rubuta ƙarfe nawa zai tashi gobe da abin da zai yi kafin hantsi, ya miƙa wa mahaifiyarsa ta zama shaida.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku sakamako mai kyau, ya haɗa ku da abokan kirki, ya sa ku ji ƙan iyayenku. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.