Ƙari a Gindin Kunne: Kama da Wane Ba Wane Ba Ce



Bana mun zaɓi mu yi tsokaci kan wata cuta da ke yi wa jama'armu shigar burtu, wato sankarar mazubin yawu. Allah ya hore wa ɗan Adam manyan mazubai 6 masu samar da yawu: 2 a gaban kunnuwa, 2 a ƙarƙashin muƙamuƙi, 2 a ƙarƙashin harshe, ban da ɗaruruwan ƙanana da ke warwatse a ganɗa da leɓɓa da kumatu.

Ƙarin da ke fitowa a gaban kunne, kusan 8 cikin 10 ba sankara ba ne. Amma na ƙarƙashin muƙamuƙi da na ganɗa, wajen rabinsu sankara ne. Wasu nau'o'in sankarar nan kan shekara da shekaru suna girma a hankali, babu ciwo, babu gyambo, har likita ya taɓa ya zaci ƙari ne na lafiya. Ko a madubin likita sukan yi kama da juna. Sai a 2010 wata masaniya daga ƙasar Cek, Alena Skalova, da abokan aikinta suka bambance wani nau'i da aka daɗe ana sa shi cikin wani. Haka kuma ƙari marar illa, idan aka bar shi shekaru, yana iya rikiɗa ya koma sankara.

Hangum kan sace cikin mako 2. Saboda haka kumburin da ya wuce haka, ko ya yi tauri, ko ya zo da karkacewar baki ko mutuwar fatar fuska, asibiti ne maganarsa. A can za a ɗauki hoto, a zuƙo ɗan samfuri da siririyar allura, wani lokaci kuma sai an cire ƙarin duka an bincika kafin a tabbatar. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato suna wannan aiki.

Muna roƙon iyayenmu kada a kai wa wanzami ya tsaga. Jijiyar da ke motsa fuska ta ratsa ta wurin, kuma tsagawa na iya watsa cutar.

Mu da muke birni, idan mun je gida da Sallah muka ga ɗan uwa da irin wannan kumburi, mu ɗauko shi, mu sauke shi a gidajenmu, mu raka shi asibiti. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ƙara mana lafiya da zumunci.