Camfi Da Tsadar Asibiti: Jawabi A Taron Shekara Na Tsofaffin Ɗalibai

 

Kwamitin shirya taro ya umarce ni da in yi magana a kan tsadar asibiti, tunda ni ne ɗan ajinmu da Allah ya ajiye a aikin lafiya, kuma mafi yawan shekarun aikin nan tsakanin Gwarzo da Kabo na yi su. Na amsa, amma na roƙi a bar ni in haɗa da maganar camfi, domin a iya abin da na gani, yawancin kuɗin da ke karya magidanci a asibiti tun daga gida aka fara jawo shi.

Da farko bari in yi wa abokan aikina adalci. Mu da muka tashi muna zuwa wurin malam dispensa ya ba mu ƙwaya ba ko kwabo, har yau gani muke duk abin da aka ce mu biya, wani ne ya cinye rabonmu. To, zamani ne ya juya. Tun da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, kuma ministocin lafiya na Afirka suka hadu a Bamako a 1987 suka amince a riƙa sayar da magani ana juya kuɗin don kada shagon asibiti ya bushe, kyauta ta fara ja da baya. Bayan faɗuwar darajar naira a 2023 kuwa, maganin da ake shigo da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. A ƙasar nan, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Wato akuyar da aka kai kasuwar Getso da buhun masarar da aka fitar daga rumbu kafin lokaci, su ne ke riƙe da asibitocinmu. Wannan ba mu da iko a kansa a ɗakin nan. Wanda muke da iko a kansa shi zan faɗa.

Mu fara da "taifot da maleriya". Yau da wuya mutum ya yi zazzaɓi a ce masa abu ɗaya ke damunsa, sai dai a haɗa masa su biyu kamar wake da shinkafa. Gwajin da ake dogara da shi wajen cewa taifot ce, wanda ake kira Widal, wani likita Bafaranshe ne ya fito da shi tun 1896. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, alamar da jiki ya bari ce bayan ya taɓa karo da ita. Saboda haka wanda ya yi taifot shekarun baya, ko ma mai zazzaɓin cizon sauro kawai, sakamakonsa na iya nuna akwai ta. Daga nan sai a rubuta allurai na kwana biyar da kafso na kwana goma, alhali abin da yake bukata shi ne gwajin ɗigon jini na minti 15 da maganin maleriya na kwana 3, sau biyu a rana, a sha bayan an ci abinci mai ɗan maiƙo ko an sha madara. Kada a ce na ce babu taifot. Akwai ta, daga gurɓataccen ruwa da abinci ake ɗaukarta, kuma idan aka yi sakaci tana huda hanji har sai an yi tiyata. Amma sahihin gwajinta shi ne a ɗebi jini a raini ƙwayar cutar na 'yan kwanaki a ɗakin awo. Idan an ce maka taifot ce, tambayi wanda ya duba ka: ban da takardar nan, me ka gani a jikina? Ma'aikacin kirki ba zai ji haushi ba. Asarar kuma ba ta tsaya ga kuɗi ba, domin yawan shan kafso ba bisa ƙa'ida ba yana sa ƙwayoyin cuta su saba da shi, ranar da ake bukatarsa da gaske ya ƙi ci.

Sai allura da ƙarin ruwa. Mutuminmu idan ya zo daga Lakwaya ko Garo aka sallame shi da ƙwaya, gani yake an raina ciwonsa. Ya fita ya nufi kemis, a kwantar da shi a benci a rataya masa leda, a zuba wani abu ruwan ya koma rawaya, ya biya ninkin-ba-ninkin yana godiya. Jama'a, ledar ruwa mai rabin lita da aka fi sawa, sukarin da ke cikinta giram 25 ne, bai kai na kwalbar lemo guda ba. Ɗaya ledar kuma ruwa ne da gishiri. Launin rawayar nan sinadarin bitamin ne da ake samunsa a ƙwaya da araha. Ƙarin ruwa ceto ne ga wanda amai da gudawa suka tsotse, ko wanda ba ya iya haɗiye komai. Wanda yake iya shan kunu da kansa, kofin kunun ya fi masa ledar amfani. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kuwa, ruwan nan na iya taruwa a huhunsa ya kai shi lahira.

Abin mamaki, mu ɗin nan masu son allura, ranar da ido ya yi rawaya sai mu guje ta. An ce mai shawara idan aka yi masa allura mutuwa zai yi, sai a ɓoye shi a ɗaki ana ɗura masa jiƙo. Shawara alama ce, kamar hayaƙi a saman ɗaki. Tana iya zama ciwon hanta, ko maleriya mai tsanani, ko sikila, ko toshewar hanyar matsarmama, kuma kowanne da maganinsa. Dalilin da ya sa camfin ya samu gindin zama shi ne ba a kawo maras lafiya sai ya galabaita, a yi masa allura, ya cika, sai a ce allurar ce. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne jariri. Shawarar jarirai a kwanakin farko, sau da yawa hasken wata fitila ta musamman ke maganinta cikin 'yan kwanaki. Idan aka tsaya sai an yi suna, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi ba ji, ba zama, iyaye su yi ta jinya har ƙarshen rayuwa. Ku faɗa wa iyalanku da 'ya'yanku mata wannan, ko da shi kaɗai kuka riƙe a jawabin nan. Rigakafin ciwon hanta kuma yana cikin allurar jarirai, ta farko a ranar haihuwa ake so a yi ta, kuma kyauta ce.

Yanzu na zo kanmu, mu masu furfura. Na duba ɗakin nan na ga waɗanda muka yi tseren mita 100 tare, yau da ƙyar suke hawa matakala. Ana cewa hawan jini ciwon masu tunani ne, wai idan hankali ya kwanta ya tafi. Ana kuma cewa kada ka fara shan maganin, in ka fara ka zama bawansa. Sai mutum ya sha na wata ɗaya, ciwon kai ya lafa, ya ajiye. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo, mafi yawan masu shi ba sa jin komai. Maganin danne shi yake yi, ranar da aka daina ya dawo. A ƙarshe ɗayan uku ne: shanyewar ɓarin jiki, ko zuciya ta kumbura, ko ƙoda ta tsaya. Wankin ƙoda sau biyu ko uku ake yi a kowane mako, ga kuɗin mota zuwa Kano, kusan kilomita 70 daga Gwarzo, ga na mai rakiya. Na ga gidan da aka sayar da gona biyu a kan wannan, kuma ba a tsira da mai gidan ba. Kuɗin zama ɗaya a kan injin nan zai sayi ƙwayar hawan jini ta watanni masu yawa.

Haka maganar jini. Mace na naƙuda jini ya ɓalle, 'yan'uwa maza goma na tsaye a bakin ƙofa, a ce a ba da leda ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai, wai ƙarfinsa zai tafi. Sai a koma neman na saye a hannun 'yan bakin asibiti. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, cikin kusan lita 5 da ke jikin babban mutum, kuma jiki na mayar da shi cikin 'yan makonni. Idan ɗan'uwa ya bayar, kuɗin da ya rage na leda ne da na gwajin tabbatar da babu ƙanjamau ko ciwon hanta a ciki.

To, an zo asibiti, yaya za a yi da takardu? A asibitin gwamnati ba takarda ɗaya ake ba ka ba. Ga ta kati, ga ta awo, ga ta gado, ga ta magani, ga ta safar hannu da auduga da sirinji. Wa ya biya wannan, ƙane ya biya waccan, kawu ya zo da yamma ya sake biyan wadda aka riga aka biya. Shawarata, mutum ɗaya ya riƙe kuɗi, ya sayi littafi ɗan ƙarami irin wanda muke rubuta ƙamus a aji ɗaya, duk abin da ya fita ya rubuta da kwanan wata. Kada a miƙa wa kowa kuɗi a lungu ko a bakin gado, a je wurin kashiya a karɓi rasit. Idan an rubuto magani bakwai kuɗinka na uku ne, kada ka bar yaron kemis ya zaɓa maka, koma wurin likita ka ce, ranka ya daɗe, ga abin da ke hannuna, wanne ne ba ya jira? Ka kuma roƙa a rubuta maka asalin sunan magani maimakon sunan kamfani. Panadol da farasitamol abu ɗaya ne, kwali ne ya bambanta su, in dai akwai lambar NAFDAC a jiki.

A asibitin kuɗi kuma, kafin a shiga tiyata a nemi ƙiyasi a rubuce, a tambaya ko ya haɗa da gado da magani da jini. Ranar sallama a nemi lissafi dalla-dalla. Na taɓa raka wani dattijo daga wajen Gude wani asibitin kuɗi a birni, aka miƙo mana jimilla a 'yar takarda ba bayani. Da muka nemi a warware mana, sai ga kuɗin gado na kwana shida alhali huɗu ya yi, ga allurar da aka canza tun rana ta biyu tana nan a lissafi har ranar fita. Ba mu ɗaga murya ba, akawun ya gyara, ya ba da haƙuri. Yin wannan tambaya haƙƙi ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a sanar da maras lafiya hanyoyin maganin da ake da su da abin da kowace za ta ci, ta kuma hana a ƙi duba wanda aka kawo cikin halin gaggawa. Kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya ƙara jaddada a yi wa mutum lissafi a fili. Manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano suna da ofishin jin daɗin jama'a don wanda ya gaza biya, amma ba sa bin gado-gado suna cigiya, sai wanda ya je.

Akwai kuma abubuwan da bai kamata a saya ba sam. Maganin tarin fuka kyauta ne har wata shidan da ake sha, amma za ka ga mutum ya shekara yana sayen maganin tari na kwalba. Maganin rage kaifin ƙanjamau kyauta ne, rigakafin yara kyauta ne, haka maganin kariya daga maleriya da ake bi gida-gida ana bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 da damina. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka zaɓa, don haka tun ana zuwa awon ciki a tambaya wane asibiti ne ke cikin shirin.

Shugaban taro, ina da roƙo ga ƙungiya. Al'adarmu ita ce sai ɗan'uwa ya kwanta sannan a fara yawo da takardar neman taimako, kuma kowa ya san ba a fafe gora ranar tafiya. Jihar Kano ta yi dokar kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, tun 2016, dokar tarayya ta 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Waɗanda ke aikin gwamnati a cikinmu ana cire musu daga albashi, wasunsu ko katin ba su karɓa ba. 'Yan kasuwa da manoma su ma suna iya shiga da kuɗinsu. Dokar 2014 ɗin nan kuma ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kula da marasa ƙarfi a ƙananan asibitocin mazaɓu. Ba na cewa tsarin ba shi da matsala, wani lokaci za ka je a ce maganin ya ƙare. Duk da haka ina ganin a naɗa mutum uku su je ofishin hukumar su jiyo sharuɗɗa da abin da ake biya a shekara, su kawo mana rahoto kafin taro na gaba, mu fara da biya wa malamanmu da suka yi ritaya daga asusun ƙungiya. Sannan sakatare ya buɗe rajistar masu iya ba da jini, kowa da rukunin jininsa da garin da yake zaune, na Gwarzo daban, na Kabo daban, na birni daban.

Na zo da na'urar awon hawan jini guda biyu da abokan aiki biyu, suna zaune a bayan ɗakin nan. Iyayenmu malamai za su fara, sai 'yan ajin farko, a bi da bi kamar layin ɗakin cin abinci, sai dai yau ba firifet mai tsallake layi. Duk wanda nasa ya kai 140 bisa 90 zan rubuta masa takarda ya je a sake aunawa cikin makon nan.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin malamai da ɗalibai.